Wankin Ƙoda da Takardar Awon Zuciya: Me Ya Sa Zanen Ke Canzawa Bayan An Cire Ruwa?

Idan kana cikin masu zuwa wankin ƙoda, ko kai ne mai rako mahaifi ko ɗan'uwa, na san ka sha ganin wata takarda mai ƙananan gidaje ja-ja, da baƙin zane mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Ita ce takardar awon zuciya, wadda ma'aikata ke kira I-si-ji. A kanta za mu tattauna yau, saboda wani abu da ya faru a gabana.

Kwanakin baya wani dattijo masunci daga wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Shanga ya tare ni a baranda, riƙe da takardu biyu. An yi masa awon farko da safe kafin a ɗora shi a kan injin, na biyu kuma da yamma bayan an sauke shi. A takarda ta biyu tsinin zanen ya fi tsawo ƙwarai. Wani da suke zaune tare a wurin jira ya gaya masa wai dogon tsini alama ce ta zuciya ta kumbura. Da yake ya san ni ma 'yar can wajen ce, sai ya ce, "Sista, ke 'yar gida ce, gaya mini gaskiya. In injin nan ne ke kumbura mini zuciya, daga yau na bar zuwa."

Na karɓi katinsa na duba. Ya hau sikeli da safe yana kilo 64, ya sauka daga injin yana kilo 61. Wato an cire masa ruwa lita 3, daidai da leda 6 ta fiya wata. Na ce, "Baba, idan ruwa ya janye a bazara, duwatsun tsakiyar kogi suka fito fili, girma suka ƙara?" Ya yi dariya ya ce, "Haba 'yata, dutse ai ba ya girma, ruwa ne ya sauka." Na ce to haka zancen takardarka yake.

Abin da nake so ka riƙe ke nan, mai karatu. Ba a karanta takardar awon zuciyar mai wankin ƙoda ita kaɗai. Sai an san lokacin da aka yi awon, da yawan ruwan da ke jikin mutum a wannan lokacin.

Mene ne I-si-ji?

Zuciya tsoka ce, kuma ba ta matsewa ta tura jini sai da wata 'yar ƙaramar wutar lantarki da ita kanta take samarwa. A jikin baligi mai lafiya da ke hutawa, wannan na faruwa sau 60 zuwa 100 a kowane minti. Aikin na'urar awon zuciya shi ne ta ɗauko wannan wuta daga kan fata ta zana ta a takarda. Ana manna wayoyi 10, wato 4 a hannuwa da ƙafafu, 6 a ƙirji. Wasu kan ji tsoron wayoyin, su ɗauka za a ja su da wuta. Sam, na'urar ba ta saka wa jiki komai, ɗauka kawai take yi.

Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ne ya fito da na'urar farko mai inganci a 1903, har ya sami kyautar Nobel a 1924. A zamaninsa ba a manna wayoyi, sai dai mutum ya tsoma hannuwansa biyu da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri, domin ruwan gishiri na ɗaukar lantarki sosai. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A kowane bugu zanen yana da sassa uku. Akwai ƙaramin tudu da ake kira P, lokacin da ɗakunan sama na zuciya ke matsewa. Sai dogon tsini da ake kira QRS, lokacin da manyan ɗakunan ƙasa ke shirin tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Sai wani tudu mai faɗi da ake kira T, lokacin da zuciya ke komawa ta shirya wa bugu na gaba.

Ina ruwan yake taruwa?

Ƙodojin mai lafiya suna tace ruwa kusan lita 180 a yini, su mayar da kusan dukansa cikin jini, su fitar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari. Idan sun gaza, abin da aka sha ba ya fita yadda ya kamata. Sai ya taru a ƙafafu, da fuska, da ciki, da huhu. Shi ya sa mai ciwon kan kasa kwanciya sai ya jingina da matasai biyu ko uku.

Injin wankin ƙoda, wanda wani likita ɗan Holan, Willem Kolff, ya fara haɗawa a 1943, kuma aka fara aiki da shi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, yana yin aiki biyu a lokaci guda. Yana kwashe datti da sinadaran da suka yi yawa a jini, yana kuma janye ruwan da ya taru. Dalilin da ya sa muke ɗora ka a sikeli kafin wanki da bayansa shi ne, lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Nauyin da muke so ka koma gida da shi, wanda babu kumburi babu jiri, shi muke kira busasshen nauyi. Shi ma ba a tsaye yake ba. Idan ka rame ko ka yi ƙiba, dole likita ya sake ƙiyasta shi.

Me ya sa tsini ke ƙara tsawo?

Ruwan jikin ɗan'adam ruwan gishiri ne. Idan ya yi yawa a huhu da ƙarƙashin fata, wutar zuciya sai ta bi shi ta watsu ko'ina, abin da zai iso wayoyin da ke kan fata ya ragu. Shi ya sa takardar mai kumburi kan fito da gajeren tsini. Da zarar an cire lita 2 ko 3, wutar ta daina watsuwa da yawa, sai tsinin QRS ya fito da tsawonsa. Zuciyar ita ce dai ta safe, abin da ke tsakaninta da na'ura ne ya ragu.

Amma a nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, dogon tsini yana cikin alamun da likitoci ke dubawa idan suna zargin tsokar zuciya ta yi kauri, kuma wannan kauri ya zama ruwan dare ga masu daɗaɗɗen hawan jini da ciwon ƙoda. Saboda haka takardar da aka ɗauka bayan wanki tana iya nuna kamar akwai kauri alhali babu, ta kafin wanki kuma tana iya ɓoye shi alhali akwai. Hoton zuciya na eko shi ke raba gardama. Na biyu, idan tsini ya gajarce ƙwarai a dukan layuka, kuma mutum na haki ko ciwon ƙirji, likita zai so ya tabbatar ko ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya. Wannan kan sami waɗanda ba sa samun isasshen wanki, kuma ba abin wasa ba ne.

Tudun T da sinadarin fotashiyam

Ba ruwa kaɗai injin ke cirewa ba. Akwai wani sinadari mai suna fotashiyam da ke cikin abinci, wanda ƙoda ke fitar da rararsa. Daidai ɗinsa a jini shi ne 3.5 zuwa 5.0 a ma'aunin ɗakin gwaji. Idan ya hau, tudun T kan yi tsawo ya yi tsini kamar hannun tabarya. Idan ya ƙara hawa, tudun P ya baje, QRS ya yi faɗi, daga nan zuciya tana iya tsayawa ba tare da wani gargaɗi ba.

Bayan wanki fotashiyam ya sauka, sai tudun T ya kwanta. Wato sau da yawa abubuwa biyu ne ke faruwa a takardar yamma, QRS ya tashi, T ya sauka. Duk wanda bai san an yi wanki a tsakani ba zai iya cewa takardun mutum biyu ne.

Saukar fotashiyam da sauri ita ma tana da nata haɗarin. Tana iya tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba, abin da likitoci ke aunawa su kira QT. Ƙarancin sinadarin kalsiyam shi ma yana tsawaita shi. Idan ya wuce rabin daƙiƙa, bugun zuciya na iya rikicewa. Wasu magunguna da aka saba saye a kemis suna ƙara tsawaita shi, kamar kwinin da kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su eritromaisin da sifrofuloksasin. Don haka kada ka sha magani, na Bature ko na gargajiya, sai likitan ƙodarka ya sani.

Ka kuma sani cewa takarda mai kyau ba ta wanke mutum. Wani fotashiyam ɗinsa na iya kai matakin haɗari amma zanen bai nuna ba. Gwajin jini ne ke faɗin gaskiyar wannan, kuma kafin wanki ake ɗibar jinin, domin bayan wanki sinadarin kan sake hawa cikin 'yan sa'o'i.

Idan aka ja ruwa da gaggawa

Manomin albasa a fadamun Yawuri ya san abin da ke faruwa idan aka saka wa ƙaramar rijiya babban injin ban-ruwa. Kafin ruwa ya sake tsattsafowa, injin ya fara zuƙar iska. Haka jini yake. Duk jinin baligi bai fi kusan lita 5 ba, kuma daga cikinsa injin ke janye ruwa kai tsaye. Ruwan da ke ƙafafu da ciki a hankali yake tsattsafowa ya cike gurbin. Idan injin ya fi shi sauri, jini ya ragu a jijiyoyi, awon jini ya faɗi, ita kanta tsokar zuciya ta rasa isasshen jini.

A takarda wannan kan bayyana a ɗan layin da ke tsakanin QRS da T, wanda ake kira ST, sai ya nutse ƙasa da inda ya kamata. Wani lokaci kuma sai a ga bugu na tsallake ko na rige-rige. Idan hakan na maimaituwa mako bayan mako, zuciya na raunana a hankali.

Bincike ya nuna haɗari na ƙaruwa idan ana cire fiye da mililita 13 a kowane kilo na nauyin mutum a cikin awa ɗaya. Ga mai kilo 60 da zai yi awa 4 a kan injin, wannan ya kama lita 3 da 'yan kai. To idan ka zo da lita 5 ko 6 a jiki fa? Ko dai a ja da ƙarfi zuciya ta wahala, ko a bar ka ka koma gida da sauran ruwa. Shi ya sa idan muka ce sai ka ƙara awa ɗaya, ko ka dawo jibi, ba don mu ɓata maka lokaci ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Nisan hanya da tazarar wanki

Ƙa'ida ita ce wanki sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. Na san mutanenmu na Shanga da Yelwa da Wara sai sun bi ta Koko da Jega kafin su kai Birnin Kebbi ko Sakkwato, ga kuɗin mota, ga na wanki, ga na masauki. Da yawa sau ɗaya suke iya zuwa a mako, wasu ma sai numfashi ya gagara. Ba zargi nake yi ba, na san halin da ake ciki.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya gano cewa ko a cikin masu yin wanki sau 3 a mako, an fi samun mace-mace da rikicewar bugun zuciya a ranar da ta biyo bayan doguwar tazarar ƙarshen mako. Idan ƙarin kwana ɗaya na iya yin haka, ina ga kwana 7 ko 10? Duk yadda tazararka ta kai tsawo, haka ya kamata ka ƙara tsanantawa wajen ruwa da gishiri da abinci mai fotashiyam. Wannan ɓangaren yana hannunka, ba ya hannun injin.

Gare ki 'yar'uwa

A matsayina na ungozoma, na fi haɗuwa da ciwon ƙoda ta ƙofar ɗakin haihuwa. Zubar jini mai yawa bayan haihuwa, da jijjiga, da cutar da ke shiga mahaifa bayan ɓari ko doguwar naƙuda, duk suna iya tsayar da ƙoda farat ɗaya. Irin wannan sau da yawa tana farfaɗowa bayan 'yan wanki kaɗan idan an zo da wuri. Idan mai jego ta yini ta kwana ba ta yi fitsarin kirki ba, kuma fuska da ƙafafu na kumbura, kada a ɗura mata ruwa da kunun kanwa wai don fitsari ya zo. Kanwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya nauyi. A kawo ta asibiti. Za ki ga muna yawan yi mata awon zuciya, saboda ga ƙarancin jini, ga kumburi, ga fotashiyam, duk sun haɗu a kan zuciya ɗaya.

Abubuwan da za ka kiyaye

1. Ka sa a rubuta maka a saman kowace takardar awon zuciya kwanan wata, da ƙarfe nawa, da ko kafin wanki ne ko bayansa, da nauyinka a lokacin. Ka adana su duka a leda ɗaya tare da katinka. Ta kafin wanki da ta kafin wanki ake kwatantawa, ta baya da ta baya.

2. Idan aka yi maka awon a wani asibiti kusa da gida, ka fara gaya musu kana wankin ƙoda da ranar da ka yi na ƙarshe.

3. Ka san adadin ruwanka. Yawanci shi ne yawan fitsarin da ka yi jiya, a ƙara rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya wata. A watannin zafi na Maris da Afrilu likita na iya ƙara maka saboda gumi, amma shi zai faɗa. Koko da kunu da fura da shayi da zoɓo da romo da kankana duk ruwa ne, a cikin lissafi suke.

4. Ka yi ƙoƙari kada nauyinka ya ƙaru da fiye da kilo 1 a yini tsakanin wanki da wanki, kuma idan tazararka doguwa ce, ya zama ƙasa da haka sosai. Idan akwai sikeli a ƙaramin asibitin garinku, ka riƙa hawa.

5. Gishiri ke kawo ƙishirwa. A rage shi a miya, a rage dunƙulen ɗanɗano da kanwa, a guji kifin da aka busar da gishiri. Ɗanyen kifi ya fi maka, gwargwadon yadda mai ba da shawarar abinci ya tsara. Idan ƙishirwa ta dame ka, kurkure baki ka zubar, ko ka tsotsi ɗan guntun ƙanƙara.

6. Ka yi hattara da ayaba, da lemo, da dabino, da mangwaro, da ruwan kwakwa, da tumatirin gwangwani, da wake, da gyaɗa, da ruwan toka da ake sa wa miya. Dankali da doya a fere su, a yanka ƙanana, a jiƙa, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Akwai gishirin da ake sayarwa wai na masu hawan jini, fotashiyam ne a cikinsa, ba naka ba ne.

7. Ka tambayi likita ko za ka sha maganin hawan jini da safen ranar wanki ko sai bayan an gama. Kada ka yanke wannan da kanka.

8. Kana kan injin, idan ka ji jiri, ko yawan hamma, ko gumi mai sanyi, ko tashin zuciya, ko ɗaurewar ƙafa, ko nauyi a ƙirji, ko faɗuwar gaba, ka kira mu nan take. Kada ka daure wai don a cika litar da aka saka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kai ne za ka fara ji kafin na'ura ta nuna.

9. Kana gida, idan ƙafafu suka mutu ka kasa tashi, ko bugun zuciya ya yi sanyi ƙwarai, ko ka suma, ko numfashi ya gagara a kwance, kada a jira ranar da aka ba ka. A kama hanya.

Shi kuwa dattijon nan, likita ya ɗauko tsofaffin takardunsa na kafin wanki ya jera su da ta wannan safiya, bai ga wani canji ba. Duk da haka ya tura shi hoton eko saboda daɗewar hawan jininsa, ya kuma ce ya rage ruwa, don lita 3 ta kusa kai iyaka ga mai nauyinsa. Bai bar zuwa ba. Yanzu da ya shigo sai ya nufi sikeli da kansa, kuma a zuwansa na ƙarshe ƙarin kilo 2 kawai ya zo da shi.

Idan akwai abin da ya shige maka duhu a takardarka, kawo ta ɗakin wankin ƙoda ka tambayi likita ko ma'aikacin jinya da ke bakin aiki, kada ka tambayi maƙwabcin benci. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.